Fiyanon da Ba Mai So: Wa Ke da Alhakin Ƙarshen Kaya?

A biranen Amurka da Ingila akwai wani aiki da kakannin masu yinsa ba za su yarda ba in da an ba su labarinsa. Kamfanonin da suka saba kai fiyano gidajen mutane, yau wani kaso na aikinsu shi ne fitar da shi daga gidajen zuwa juji, kuma mai gida ne ke biyan kuɗin. Kafin ya kai ga haka, yawanci ya riga ya yi talla a intanet cewa ga fiyano kyauta, mai so ya zo ya ɗauka. Ya tuntuɓi makaranta, ya tuntuɓi coci, ya tuntuɓi gidan kula da tsofaffi, kowa ya ce a kai kasuwa. Sati ya zama wata, wanda ya sayi gidan yana jiran makulli, sai a kira mota.

Bari in fara da warware kalmar. A wurinmu in aka ce fiyano, abin da ke zuwa zuciya shi ne ɗan allon nan mai aiki da lantarki, irin na Yamaha, da ake haɗa kiɗan waƙoƙin fina-finan Hausa da shi, wanda yaro ma zai saɓa a kafaɗa. Wanda nake magana a kai kakansa ne, na katako da ƙarfe, wanda wani Ba'italiye mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙira a birnin Fulorans wajen shekarar 1700. Yana da maɓallai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kowane maɓalli in an danna shi sai ya tunkuɗa wata 'yar guduma mai rigar ulu, ta bugi wayar ƙarfe, sauti ya fito. Wayoyin sun haura 200, an ɗaure su tamau, jimillar ƙarfin jansu ya kai wajen tan 18 zuwa 20. Don kada su murƙushe akwatin, sai aka sa masa ƙashin baya na ƙarfen zubi. Shi ya sa ƙaraminsa, wanda ake jinginawa da bango, kan kai kilo 200 ko fiye, babban kuma na dandalin wasa ya doshi rabin tan.

Masu wannan dako sun saba ganin mai gida ya juya baya lokacin da ake fitar da kayan, wani har da hawaye. Ba wanda ke kuka don an ɗauke mataccen firji. To me ya sa fiyano ya bambanta? Shin kaya yana da hakki a kan mai shi, ko kuwa wani abu ne daban ke damun zuciya ta ɗora wa katako? Tambayar ta shafe mu ko da ba mu taɓa ganin irin wannan fiyanon ba, domin kowa yana da wani abu a gida da ba ya amfani da shi kuma ya kasa rabuwa da shi.

Yadda gidaje suka cika

A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, in kana son jin kiɗa a gidanka a Turai ko Amurka, sai wani ya zauna ya kaɗa. Fiyano ya zama alamar cewa gida ya kai gida. Matsayinsa a falon ɗan kasuwa ko malamin makaranta ya yi kama da matsayin jeren kwanuka da gado mai rumfa a ɗakin amarya a zamanin iyayenmu: ana amfani da shi, amma kuma yana faɗa wa baƙo ko su wane ne masu gidan. Ana koya wa 'yan mata kaɗa shi, ana sayensa da biya kaɗan-kaɗan. Masana'antu ɗaruruwa suka tashi. A wajen 1910, a Amurka kaɗai, ana sayar da sabbin fiyano fiye da 360,000 a shekara guda.

Daga nan abubuwa suka juya. Garmaho ya shigo gidaje, rediyo ya biyo baya a shekarun 1920, karayar tattalin arziki ta 1929 ta rufe masana'antu da dama, sannan talabijin ya ƙwace kusurwar falo da idon iyali. Daga baya aka samu fiyanon lantarki, mara nauyi, mai araha, wanda ba ya buƙatar saiti, kuma ana iya sa abin kunne a kaɗa shi da tsakar dare maƙwabci bai ji ba. Shekara ɗari bayan wancan ganiya, sabbin fiyanon katako da ake sayarwa a Amurka a shekara ba su kai 50,000 ba. Amma waɗanda aka ƙera a zamanin yawa ba su ɓace ba. Suna nan a faluka da ɗakunan ajiya, sun tsufa kusan a lokaci guda, masu su suna rasuwa ko suna komawa ƙananan gidaje, 'ya'yan da suka gada kuma suna zaune a bene na biyar a ɗaki biyu.

Kaya ma yana mutuwa

Mutane da yawa na ɗauka cewa kayan kiɗa tsohuwar zuma ne, yana ƙara daraja da tsufa. Akwai inda haka yake. Gogen Turawa da Antonio Stradivari ya ƙera kafin rasuwarsa a 1737 har yau ana kaɗa su a manyan dandali. Amma goge akwati ne mai tsirkiya huɗu. Fiyano inji ne mai ɓangarori dubbai, kuma tun ranar da aka ɗaure wayoyinsa yake kokawa da nauyin tan ashirin ba dare ba rana. Ulun gudumomin yana cinyewa, asu yana shiga. Manne yana saki. Faffaɗan allon katakon da ke amsa sauti yana shan laima da damina, na'urar ɗumama ɗaki ta busar da shi da hunturu, har ya tsage. Mafi muni shi ne katakon da aka kafa ƙusoshin ɗaurin wayoyi a cikinsa. In ya saki, mai saiti zai ɗaure waya yau, kafin sati ta kwance. Daga nan fiyanon ba zai ƙara riƙe sauti daidai ba sai an yi masa babban aiki.

Ana iya yin babban aikin. Ana canza wayoyi da gudumomi da katakon ƙusoshi, a mai da shi kamar sabo. Sai dai kuɗin ya kan wuce na sayen sabon fiyano ƙirar Sin ko Indonesiya, saboda haka ba a cika yi ba sai ga ƙirar manyan gidaje irin Steinway. Mafi yawan tsofaffin da ke cikin gidaje kuwa an ƙera su ne da araha domin masu matsakaicin hali, kuma sun yi aikin da aka yi su dominsa. Ga kuɗin ɗauka: sai ƙarti uku ko huɗu da suka san aikin, da amalanke ta musamman, in akwai matakala kuɗi ya ƙaru. Ko farfasa shi ba wasa ba ne, domin waya mai irin wannan ɗauri in ta tsinke tana iya raunata mutum, sai an sassauta su tukuna. Abin da kaka ta sha wuya kafin ta biya, jika ya wayi gari sai ya biya kafin a raba shi da shi.

Daga ina nauyin zuciyar yake?

Amsa mafi sauƙi ita ce ruɗu ne kawai. Masana uku, Daniel Kahneman da Jack Knetsch da Richard Thaler, sun wallafa wani gwaji a 1990. An raba wa rabin ɗalibai kofunan shayi, rabin ba a ba su ba, sannan aka buɗe ciniki. Waɗanda aka ba kofin sun nemi kusan ninki biyu na abin da sauran suka yarda su biya, alhali mintuna kaɗan da suka wuce kofin ba na kowa ba ne. Wato da zarar abu ya zama naka, sai idonka ya ƙara masa kuɗi. In kofi na minti goma ya yi haka, ina ga abin da ya shekara sittin a falo? Mai wannan ra'ayi zai ce katako ba ya jin ciwo, a kira mota a huta.

Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta ƙare maganar ba. Masanin falsafar Jamus Immanuel Kant, a littafinsa kan ɗa'a na 1797, ya yarda cewa abu mara rai ba ya bin mu bashin komai. Duk da haka ya ga cewa mai lalata kyawawan abubuwan halitta don son rai yana kashe wani abu a cikin kansa, wato iya son abu ba don amfanin da zai samu ba. A ganina wannan ya kama har abin da hannun mutum ya ƙera da gwaninta. Mutumin da zai iya rotsa fiyano da gatari yana dariya, ba ka so ka bar masa amanar wani abu. A Ingila a shekarun 1960 har gasa ake yi a wuraren biki, a ga wace ƙungiya za ta riga farfasa fiyano ta zura gutsattsarinsa ta wata 'yar kafa. Ko a ce duk matattu ne, akwai abin da irin wannan wasa ke koya wa yaran da ke kallo. Don haka hawayen mai gida ba wauta ba ne. Alama ce cewa wannan sashen na zuciyarsa yana raye. Abin tambaya shi ne ko hawayen sun isa su zama hujjar ci gaba da ajiye kayan.

A nan sana'armu ta rubuta manhaja tana da abin faɗa, domin mun daɗe muna fama da tambayar mene ne shara. Duk manhajar da ke aiki a wayarka tana ƙirƙirar abubuwa dubbai a ƙwaƙwalwar na'urar, kuma wurin yana da iyaka. Wajen 1959, John McCarthy na jami'ar MIT ya fito da wata dabara a harshen Lisp, wadda har yau ake kira kwashe shara. Na'urar ba ta duba ko abu yana da kyau, ko an sha wahala wajen gina shi, ko ya daɗe. Tambaya ɗaya take yi: daga abubuwan da ke aiki yanzu, akwai hanyar da za a bi a isa gare shi? In akwai, a bar shi. In babu, a share, a ba wani wurin. Ko da tarin abubuwa ne suna nuna juna, wannan yana riƙe da wancan, wancan yana riƙe da wannan, muddin ba wani mai rai da ke isa gare su, duka shara ne.

Amma akwai cutar da wannan dabara ba ta magani, kuma kowane mai rubuta manhaja ya san ta. Wani lokaci manhaja tana riƙe da igiyar wani abu da ba za ta ƙara waiwaya ba har abada. Mai kwashe shara ya zo, ya ga igiya, ya wuce. Abin ya zauna yana cin wuri, wani ya ƙaru a kansa, har waya ta fara nauyi ta tsaya cak. Laifin ba na abin da aka riƙe ba ne, na mai riƙon ne da ya kasa saki.

Fiyanon da aka rufe murfinsa shekara ashirin, aka jera hotuna da tukunyar fure a kansa, irin wannan riƙon ne. Ana cewa ana ajiye shi ne don girmama mahaifiya da ke kaɗa shi. Amma abin da mahaifiyar ta so a jikinsa sauti ne, da yara a kewaye da ita, da yammacin da aka yi tare. Wannan ya tafi tun ranar da aka rufe murfin, ba ranar da mota ta zo ba. Ban ce kowa ya fitar da nasa ba. Misalin kwamfuta yana da iyaka, domin mutum yana iya isa ga abu da ido da tunani, ba sai da hannu ba. Wanda ke da wuri, kuma ganin fiyanon kullum yana sanyaya masa rai, to igiyarsa tana aiki, ya riƙe abinsa. Sai dai ya san cewa kansa yake yi wa, ba fiyanon ba, ba kuma mamaciyar ba. Ya kuma san cewa shawarar da ya ƙi yankewa yana tara wa 'ya'yansa ne, su zo su yanke ta cikin makon makoki.

Bashin giwa

Akwai wata hujja da ta fi ta tunawa nauyi. Tsohon fiyano ba daga sama ya faɗo ba. Allon sautinsa daga bishiyoyin da suka daɗe suna girma aka yanko shi. Baƙaƙen maɓallan masu kyau daga wani baƙin katako ne dangin kanya. Fararen kuwa, kafin roba ta maye gurbi a shekarun 1950, da hauren giwa ake lulluɓe su. A jihar Connecticut ta Amurka akwai garin da sunansa ma daga haure aka samo shi, Ivoryton, shi da maƙwabcinsa Deep River sun shekara da shekaru suna yanka haure ana liƙa wa maɓallai. Mafi yawan hauren daga gabashin Afirka yake fitowa, ta kasuwar Zanzibar, inda fataucin haure da fataucin bayi suka bi hanya ɗaya, sau da yawa a hannun fatake ɗaya. Yarinyar da ke koyon kiɗa a falon Boston ba ta san yatsunta a kan me suke ba.

An hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989. A Birtaniya dokar haure ta 2018 ta yarda a sayar da kayan kiɗa mai haure ne kawai in an ƙera shi kafin 1975, hauren bai kai kashi 20 cikin ɗari na jikinsa ba, kuma an yi masa rajista. Mai hujjar zai ce: giwa ta mutu, bishiya ta faɗi, mutane sun sha wuya, sannan a kai abin juji? Ashe ba almubazzaranci ba ne a kan zalunci?

Hujjar tana da ƙarfi, amma a duba abin da ta wajabta. Ta wajabta a yi amfani da abu iyakar ƙarfinsa, a kula da shi, kada a yar da shi yana da sauran rai. Ba ta wajabta a ajiye gawa ba, domin ajiyar ba ta dawo da giwa. Fiyanon da ya shekara tamanin ana kaɗa shi, yara uku ko huɗu suka koyi kiɗa a kansa, ya biya abin da zai iya biya. Wanda ya kamata a yi wa kuka shi ne wanda aka saya don ado, aka bar shi ya ruɓe ba a taɓa shi ba. Wannan an yi almubazzarancinsa tun yana falo.

Saboda haka dole a raba mutuwa da kisa. A 1904 dillalan fiyano na Amurka suka yi taro a Atlantic City, suka tara tsofaffin fiyano na wani tsohon yayi mai siffar tebur, suka cinna musu wuta a bainar jama'a. Dalilinsu na kasuwa ne: tsofaffin sun cika musu shaguna, mutane na kawo su musanya, suna tare wa sababbi hanya. A nan ne fushi ke da wurin zama, inda aka ƙarar da abu don a sayar da wani. Kuma wannan ɗabi'a ta fi yawa a duniyar da nake aiki a ciki. Kamfanin Microsoft ya sa 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen tallafin Windows 10, alhali kwamfutoci masu yawa da ke aiki lafiya ba su cika sharuɗɗan hawa Windows 11 ba. Kamfanin ya ce dalilin tsaro ne, kuma dalilin ba na banza ba ne. Amma a kwatanta: fiyano mai araha na 1910 ya yi wa gida hidima har jikoki, wayar da kake karanta wannan rubutu a kanta kuwa da wuya ta kai shekara bakwai a hannunka. Mai jin zafin ganin fiyano a juji ya fara leƙa durowar da ya tara matattun wayoyi.

Kyautar da ba kyauta ba

Mu koma kan tallan nan na fiyano kyauta. A ido kamar alheri ne, kuma wani lokaci alherin ne. Amma sau da yawa ga abin da ke faruwa. Iyayen da ba su da ƙarfi, ɗansu yana son koyon kiɗa, suka ga talla suka yi murna. Suka biya 'yan dako, aka hau da shi bene. Suka kira mai saiti, ya buɗe ya duba ya girgiza kai. Yanzu suna da kilo 200 na katako a ɗaki, yaro yana danna maɓalli yana jin sautin da bai dace ba yana zaton hannunsa ne, har ya haƙura da kiɗan. Ƙarshenta su ne za su biya kuɗin kai shi juji. Mai kyautar kuwa ya tafi da zuciya fara, yana ba da labarin cewa fiyanon mahaifiyarsa ya samu gida na gari. Abin da ya bayar a gaskiya shi ne kuɗin mota da nauyin zuciyar da ya kasa ɗauka, ya ɗora wa wanda ya fi shi rauni, kuma ya karɓi godiya a kai.

Wani zai ce da babu gara ba daɗi, kuma wa ya ba ka ikon yanke cewa abu ya mutu? Gaskiya ne, abin da wani ya yar wani yana nema. Akwai wani mawaƙi a yammacin Ostireliya, Ross Bolleter, da ya yi suna wajen kaɗa fiyanon da rana da ruwa suka lalata, sautin lalacewar ce ma yake so. Akwai mai koyon gyara da ke neman wanda zai kwance ya ga cikinsa. Akwai kafinta mai son katakon. Duk waɗannan sun san abin da suke karɓa. Sharaɗin kenan. In ka ce wa mutum ga fiyano, mai saiti ya duba ya ce ba zai riƙe sauti ba, kana so? In ya ce yana so, ka yi kyauta. In ka ɓoye, ko ka ƙi kiran mai saitin don kada ka ji abin da ba ka so, ka yi yaudara ko da ba ka karɓi ko kwabo ba.

Mu a nan mun san wannan kyauta daga ɓangaren mai karɓa. Kwantenonin tsofaffin kwamfutoci da talabijin da ke sauka a Legas da Tema da sunan gwanjo ko taimako, a cikinsu akwai masu aiki da suka amfani ɗalibai da masu ƙananan sana'o'i, akwai kuma matattu da aka cusa don kwashe su a can ya fi tsada. Matattun su ne suka ƙare a wurare irin Agbogbloshie a Accra, inda samari, da yawansu daga arewacin Ghana, suka yi shekaru suna ƙona wayoyi don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin. Hali ɗaya ne da na mai tallan fiyano, girma ne kawai ya bambanta. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya ci moriyar abu shekara da shekaru, ƙarshen abin ma nasa ne.

Ƙarshe na mutunci

Wasu sun nemo wa tsofaffin fiyano wata rayuwa. A 2008 wani mai fasaha, Luke Jerram, ya fara ajiye fiyano a titunan Birmingham don duk mai wucewa ya zauna ya kaɗa, abin ya bazu zuwa birane da yawa a duniya. A Edinbura ta Sikotland, a 2018, an gina wani zauren kallo mai suna Pianodrome, kujerunsa da matakalansa duk daga jikin fiyanon da aka yar. Tun a 1968 ma mawaƙiya Annea Lockwood ta cinna wa wani fiyanon da ya wuce gyara wuta a Landan, mutane suka tsaya suna sauraron ƙarar wayoyinsa suna tsinkewa. Wutarta da ta dillalan 1904 ba ɗaya ba ce: su suna share kasuwa ne, ita kuwa ta tara mutane su saurari abin a karo na ƙarshe. Duk wannan yana da kyau, amma ba zai ɗauke dubban da ke fita daga gidaje ba. Daga hannun Cristofori kansa guda uku ne suka rage, a gidajen tarihi na New York da Rum da Leipzig. Sauran duniya ba gidan tarihi ba ce.

Ga mafi yawan mutane, abin da ya dace ba shi da armashi. A kira wanda ya san aikin ya duba. In da sauran rai, a nemi mai kaɗawa, a faɗa masa gaskiyar halin da kayan ke ciki, in da hali ma a taimaka masa da kuɗin ɗauka. In babu rai, a biya a kwance shi yadda ya kamata: ƙarfen zubin da wayoyin su tafi wurin masu narkarwa, katakon da zai moru ya je hannun kafinta. Wanda ke son abin tunawa ya ciri maɓalli ɗaya ko allon da sunan maƙerin yake, ko ya sa wani ya kaɗa waƙar da mahaifiya ta fi so ya naɗa a waya kafin mota ta zo. Kuɗin da aka biya 'yan dako ba asara ba ce. Kashi na ƙarshe ne na kuɗin fiyanon, wanda kaka ta fara biya shekara ɗari da suka wuce.

Da haka amsar tambayar farko ta fito. Katako ba ya bin mu bashi, amma mutane suna bin mu ta hanyarsa: wanda ya ƙera, wanda zai iya mora, wanda za a bar wa dako, da wanda ke zaune kusa da juji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma duk abin da ya shigo gida wata rana zai fita. Mun iya tambayar nawa ne, shekara nawa zai yi, akwai garanti. Tambayar da ba mu saba yi a shago ba ita ce: ranar da ya gama aiki, wa zai ɗauke shi, ina za a kai shi, wa zai biya? Ya kamata masu ƙera kaya su amsa ta tun a kan takardar zane, mu masu rubuta manhaja har da mu, domin layi ɗaya da muka rubuta yana iya mai da lafiyayyar na'ura tarkace. Mai saye ma ya yi ta kafin ya miƙa kuɗi, ko fiyano ne, ko janareta, ko wayar da ke hannunsa.